Humra a Gemun Baban Ummi

A wayar Likita Nura na fara ganin abin. Muna zaune a tsakar gidan surukata a Kusada, ranar wani suna, ya miƙo mini wayar ya ce in duba. Wani ƙarfe ne fari, dogo, kwance a cikin ɗaki kamar tankar mai da aka cire wa tayoyi, da 'yan tagogi zagayayyu a gefensa. Ta ɗaya daga cikin tagogin ana hango fuskar wani mutum, an rufe masa hanci da baki da roba. Na daɗe ina kallon idanun mutumin, ban iya gane ko murmushi yake yi ko neman ceto ba.

Hoton nan shi ne mafarin tafiyarmu Masar. Shekara biyar ke nan da dawowarmu, amma har yau ƙawayena ba su daina tambaya ba. Binta ta Tafashiya kaɗai ta sa na ba da labarin ya fi sau goma, kuma kowane lokaci akwai wurin da nake tsallakewa. Na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, har da wurin da nake tsallakewar.

Mijina, Baban Ummi, malamin gona ne a Kankiya. Wata ranar Laraba yana dawowa daga Kunduru a kan babur, akuya ta gitta masa, ya faɗi, kansa ya bugi ƙasa. Ko jini bai fita ba. Ya tashi ya kakkaɓe riga ya ƙaraso gida da kansa. An yi hoton kai, aka ce babu abin da ya fashe, ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, mako biyu zai warware. Mako biyu suka zama shekara ɗaya da rabi. Ciwon kai ba ya barinsa, hasken rana yana sukar idonsa, ya ajiye makulli ya manta, ya fara magana ta ɓace masa a tsakiya. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma yi wa 'yarmu Ummi tsawa don ta buga kwano. Sannan ya daina jin ƙamshi da wari, gaba ɗaya.

Wannan na ƙarshen kowa ya ɗauke shi ƙaramin abu, ban da ni. Ni na tashi da littattafan soyayya da muke karɓa haya a kasuwar Kankiya, kuma na yarda da su fiye da yadda ya kamata. A wurin gwaggona na koyi haɗa humra, tawa kuma daban take da ta kowa. Tun muna sabon aure, idan ya dawo aiki yakan tsaya a bakin ƙofa ya lumshe ido ya ce, "Gimbiya, tun daga kan kwana na san kina gida." Bayan faɗuwar nan sai ya shigo ya wuce ni kamar ya wuce randa. Bai sake cewa Gimbiya ba. Ban taɓa gaya wa kowa cewa wannan ne ke cina ba, don wa zai saurari mace tana kukan turare alhali mijinta na fama da kai?

Likita Nura ɗan ƙanwar surukata ne, yana karatun ƙwarewa a Alƙahira. Ya ce wani asibiti a can yana bincike a kan masu irin wannan larura. Ana shigar da mutum tankin nan, a ƙara matsin iska kamar wanda ya nutse ƙarƙashin ruwa, a ba shi iskar oksijin zalla ya shaƙa, ko ƙwaƙwalwar za ta farfaɗo. Masauki da jinya duk na masu binciken ne.

"Amma in faɗa muku gaskiya," in ji shi, "ba a tabbatar yana aiki ba, shi ya sa ake binciken. Rabin mutanen za a ba su ta gasken. Rabi kuma za su shiga tankin, kunnensu ya toshe kamar na kowa, amma iska ce irin wadda muke shaƙa yanzu. Ba wanda zai san nasa rabon sai an gama."

Inna, surukata, ta ajiye carbinta.

"Tsaya, Nura. Wato mutum shi tahi har Masar, a ba shi iskar da ke nan tsakar gidana?"

"Yana iya yiwuwa, Inna."

"Kuma kyauta."

"Kyauta."

"To mi suka gani ga ɗana da za su ba shi ɗaki kyauta? Ni ban yarda da wanga abu ba."

Ni ma ban yarda ba. Amma Baban Ummi, wanda ke kwance a inuwa da tsumma a kan idonsa, ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba, "Ko rabin ne, ina so." Dangi suka haɗa mana guzuri, muka bar Ummi wurin Inna.

Daga Kusada muka fito da sassafe zuwa Kankiya, muka shiga motar Kano. A Tsanyawa wata mata ta shigo da kwandon busasshen kifi. Kafin mu kai Bichi kowa ya toshe hanci, direba yana ta mita, matar tana rama masa da cewa ai motarsa ma ba gidan amarya ba ce. Na juya na kalli mijina. Yana zaune cikin baƙin tabarau, kwandon na taɓa gwiwarsa, yana numfashi hankali kwance. Wani dattijo ya ce masa, "Malam, kai kam kana da haƙuri." Ya yi murmushi bai gane dalilin yabon ba.

Jirgi ban taɓa shiga ba sai ranar. A littattafai, mace takan jingina da kafaɗar masoyinta tana kallon gajimare. Ni kunnena ne ya toshe, na yi ta haɗiyar yawu, shi kuma ya dafe kai tun daga Kano har muka sauka.

A filin jirgin Alƙahira wani jami'i ya sa na buɗe jaka. Ya ɗaga ƙullin kuka ya girgiza, ya ɗaga kuɓewa busasshiya, sannan ya kwance ledar daddawa ya kai hanci. Sai da ya ja da baya taku biyu. Abokin aikinsa ya yi ta dariya har yana dafa tebur. Na yi ta nuna baki da hannu ina cewa miya, miya. A ƙasan jakar ya tarar da kwalbar humrata, naɗe cikin ɗankwali. Ya buɗe da tsoro, ya shinshina, sai fuskarsa ta sake. Ya lumshe ido, daidai yadda wani ya saba yi, ya faɗi wata magana mai tsawo, ya mayar mini da ita da hannu biyu. Baƙon da ban sani ba ya ji, mijina yana tsaye a gefe yana neman inda ya sa fasfo.

Wadda ta tarbe mu wata dattijuwa ce, Hajiya Amna, tafintar asibitin. Kakanninta Hausawa ne da suka tafi hajji a ƙasa suka zauna a Sudan. Hausarta tsohuwa ce, irin wadda rabona da ji tun kakata na da rai. Ta rungume ni ta ce, "Marhaban, ɗiyata." Na ji daɗi, sannan na tuna albashinta a hannun masu binciken yake, na ja jikina.

Masaukinmu a hawa na biyar ne na wani tsohon bene. Na'urar da ke kai mutane sama kamar kejin kaji take, tana ƙara tana rawa, ni dai matakala nake bi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kwando. Kowace mace tana da kwando ɗaure da igiya a barandarta. Mai burodi zai wuce a keke, ta ƙwala masa kira daga sama, ta zura kwandon, ya sa mata ta janye. A Kusada idan mace ta yi irin wannan ihu daga kan katanga, kafin azahar an kai ƙararta gidan iyayenta. Rana ta uku na gwada. Igiyar ta kufce mini, kwandon ya faɗa kan mai gadin gidan yana shan shayi. Tun daga ranar idan ya gan ni sai ya dafe kai da hannu biyu yana dariya.

Gaisuwarsu gajeriya ce, ba mai tambayar gajiya ko iyali ko kwanan gida. Amma maza suna sumbatar juna a kumatu a tsakiyar titi. Da safe wake suke ci, dafaffe har ya narke, da mai da lemun tsami, a dangwala da burodi mai faɗi. Akwai wani abincinsu da ake zuba shinkafa da taliya da wasu ƙananan wake a kwano ɗaya, kamar mai girkin ta kasa yanke shawara. Baban Ummi yana cin duk abin da aka ajiye, don tun da hancinsa ya mutu abinci ya zama masa gishiri da yaji kawai.

Ranar farko a asibiti aka kai mu wurin shugabar binciken, Dakta Salwa, wata siririyar mata mai tauna gindin biro. Ta yi masa tambayoyi fiye da awa biyu. Aka sa shi ya tuna jerin kalmomi, ya bi ɗigo da ido a fuskar kwamfuta. Aka kawo 'yan kwalabe aka ce ya shinshina ya faɗi mene ne a ciki. Daga inda nake zaune ina jin lemu, ina jin kanumfari. Shi ya girgiza kai a kan kowace. Dakta Salwa ta rubuta.

Sannan Hajiya Amna ta karanta mana takardar yarjejeniya, ta zo kan abubuwan da ba a shiga tanki da su. Waya, agogo, ashana. Kayan jiki a cire, a sa na auduga da asibiti zai bayar. Ban da man shafawa, ban da man gashi, ban da turare kowane iri.

"Turare kuma?" na ce.

"Ko ɗigo, ɗiyata. Saboda wuta."

Nan take zuciyata ta fara saƙa. Yanzu-yanzu suka rubuta cewa ba ya jin ƙamshi. Idan iskar gaske ce suke ba shi, hancinsa zai buɗe, kuma mu ne za mu fara sani. Idan ta banza ce, mu ne za mu fara ganewa. To ga shi sun hana turare. Waya da ashana na fahimta, amma wa ya taɓa ganin humra ta kama da wuta a jikin mutum? Na ce a raina, wannan doka ba don wuta aka yi ta ba, don kada a kama su ne.

Haka muka fara. Kwana biyar a mako, mutum shida suke shiga da safe, wasu shida da rana. A rufe ƙofa mai kauri kamar ta ɗakin ajiyar banki, a ji iska tana huci, su zauna fiye da awa guda da roba a fuska. Mu masu rakiya muna kan benci a waje. Mai sarrafa injin, wani mai ƙaton gashin baki da ake kira Usta Magdi, yana bayan labule, kuma shi kaɗai ya san abin da yake murɗawa. Ko Dakta Salwa ba ta leƙa bayan labulen.

Na zama ɗan sandan ciki. Na lura da wane bututu ne ke rawa, na ƙirga mintunan hucin iska. Na tsaya wata rana har 'yan rana suka fito, na ga kamar sun fi 'yan safe walwala, na kwana biyu ina jin haushinsu. Na kai wa Usta Magdi dambun naman da na zo da shi daga gida. Ya karɓa ya ci a gabana, ya sumbaci yatsunsa, ya sa aka ce mini bai taɓa cin abu mai daɗi haka ba. Na sa Hajiya Amna ta tambaye shi ko 'yan safe suna samun ta gaske. Ya goge gashin bakinsa ya ce, "Allah ne masani." Ya ja labulensa. Dambuna ya tafi a banza.

A kan bencin na yi ƙawa, Ummu Karim. Ɗanta magini ne, ya faɗo daga kan gini, yana shiga tanki tare da mijina. Ba na jin Larabcinta, ba ta jin Hausata, amma mun fahimci juna. Idan sun fito sai ta ja kunnenta ta nuna ɗanta, wato ya toshe. In ja nawa in nuna mijina. Sai mu ɗaga kafaɗa tare. Tana kawo mini lemun tsami da aka jiƙa a gishiri, ina ba ta yaji.

Kullum a hanyar komawa ina tambayarsa, "Yaya ka ji yau?"

"Kamar jiya."

"Iskar ba ta da wani ɗanɗano? Ba ta fi sanyi ba?"

"Hajara, iska ce. Ki bar ni in ji da kaina."

A mako na uku na yanke shawara. Na riga na tsara yadda abin zai kasance, har da kalmomin da zai faɗa. Yana zaune cikin tankin, iskar gaske tana ratsa ƙwaƙwalwarsa, wata ƙofa ta buɗe a cikin kansa, abin da zai fara ji a duniya shi ne ni. Zai fito yana nemana da ido. Idan kuma bai ji komai ba, na san yaudararmu ake yi, mu tattara mu koma gida.

Kayan jiki ana canza masa, don haka turara riga ba shi da amfani. Ranar Litinin bayan ya karya, na ce, "Kawo in taje maka gemu, ya hargitse." Ya miƙo haɓa kamar yaro. Na riga na zuba humra a tafin hannuna, na shafa ta sosai har cikin gashin, na bi da mataji. Ya ce na gode. Bai san komai ba.

A ƙofar tankin akwai ma'aikaciyar jinya da ke duba kowa kafin ya shiga. Ta duba aljihunsa, ta duba hannunsa, ta miƙa hannu za ta gyara masa wuyan riga, sai ta tsaya cak. Ta matso da fuskarta. Ta ɗaga hannu ta ce wa Usta Magdi wani abu, ya kashe injin. Mutum biyu da suka riga suka shiga aka fito da su.

Aka kai mu ofishin Dakta Salwa. Ba ta tauna biro ba ranar.

"Tana tambaya," in ji Hajiya Amna, "mi ka shafa ga gemunka?"

"Ni? Wallahi ban shafa komai ba."

"Ta ce ɗakin nan duk ya ɗauka. Mai ne, da turare."

Ya taɓa gemunsa, ya kalli yatsunsa suna ƙyalli. Ya kai su hanci, don sabo, ya sauke.

Dakta Salwa ta yi magana a hankali, Hajiya Amna tana juyawa. Ta ce a cikin tankin, inda oksijin ya yi yawa kuma ga matsi, mai ba ya bukatar ashana, ɗan tartsatsin da ba a gani ya isa. Robar tana kan gemun, daidai inda iskar ke fita. Kuma ƙofar ba ta buɗuwa sai an sauke matsin, wanda ke ɗaukar mintuna. Mutum shida ne a ciki, da ma'aikaciya ta bakwai. Ta ce ba ta zarginsa da ƙarya. Ta san larurarsa. Amma idan ya kai ga yana shafa abu ya manta ya shafa, ba za ta iya sake sa shi cikin mutane ba. Dole a cire shi daga binciken.

Na jira ya yi gardama, ya yi irin faɗan da ya koya tun bayan faɗuwar. Bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce da wata ƙaramar murya, "Wataƙila na shafa. Ban tuna ba. Ki ce mata ta yi haƙuri, haka nake yanzu."

Ban taɓa jin abin da ya soke ni kamar wannan ba. Ko tajewar da na yi masa awa biyu da suka wuce ta ɓace masa, ya ɗauki laifina ya ɗora wa kansa, kuma ya yarda.

"Ni ce," na ce.

Suka juyo.

"Ni na shafa masa. Bai sani ba."

"Don mi, ɗiyata? Ba ni na karanta maki da bakina ba?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. A garinmu mace ba ta faɗin irin wannan ko a gaban uwarta. Amma na faɗa, a gaban likita da tafinta da mijina. Na faɗi yadda yake tsayawa a bakin ƙofa, da sunan da yake kirana, da shekara ɗaya da rabi da na yi ina shafa turare don bango. Na faɗi cewa na ɗauka sun hana ne don kada mu gane iskar banza suke ba shi. Hajiya Amna tana juyawa, a wani wuri ta tsaya ta gyara mayafi.

Da na gama, tunda kunyar ta riga ta ƙare, na ce, "Ki tambaye ta, tsakaninta da Allah, ta gaske suke ba shi?"

Dakta Salwa ta dube ni ta ce, "Ban sani ba. Ni na roƙa kada a gaya mini. Ina son maganin nan ya yi aiki kamar yadda kike so. Da na san wa ke samun ta gaske, da idona ya riƙa ganin sauƙi a jikinsa ko babu. Ni ma ban yarda da kaina ba, shi ya sa aka sa labule."

Ba a cire shi ba. Aka aske gemun tas, ya yi wanka da sabulun asibiti, ya rasa zaman ranar. Sharaɗin shi ne in kawo kwalbar a ajiye a ofis har ranar tafiya. Na kawo. Ummu Karim ta ji abin da ya faru. Washegari na zauna kusa da ita, ta tashi ta koma ƙarshen benci. Ta nuna tankin, ta nuna ƙirjinta, ta ɗaga yatsa ɗaya. Ɗanta ke nan guda.

Ranar da abin ya faru, a ƙasa muka taka zuwa masauki. Sai da muka kai wajen mai gasa burodi ya tsaya.

"Wacce ce kika shafa? Mai sandal ɗin nan?"

"Ita ce."

"Har yanzu kina sa ta kullum?"

"Kullum."

Ya shafa haɓarsa da babu gemu. "Ban sani ba, Hajara. Na ɗauka kin daina, don ba ki ga amfani ba." Muka ɗan yi gaba, ya ce, "Ki riƙa faɗa mini. Idan kin sa, ki ce kin sa. Nan wurin ma, me yake yi?"

Na ce ƙamshin burodi ne mai zafi, da ɗan ƙauri, da hayaƙin mota. Ya ce in ƙara. Tun daga ranar na zama hancinsa. Ina gaya masa kogin nan nasu yana ƙarnin kifi da laka, matakalar benenmu tana warin kyanwa, shayin mai gadi na'ana'a ne. Wani lokaci ya yi dariya, wani lokaci ya ce na cika ƙari kamar masu rubuta littattafaina.

Ya cika zamansa arba'in. Ranar ƙarshe aka maimaita gwaje-gwajen. Kalmomin ya tuna fiye da da, kwalaben kuwa ya sake girgiza kai. Aka ba ni humrata. A bakin ƙofar asibiti, can waje, na ga Ummu Karim tsaye. Mako biyar ba ta yi mini magana ba. Ta dube ni, ta dubi jakata, sannan ta miƙo wuyan hannunta. Na ɗiga mata. Ta shinshina, ta ja kunnena da ɗan zafi, ta tafi.

Mun dawo Kusada da damina. Ciwon kan ya ragu, yana fita rana da tabarau, ya koma aiki rabin yini. Inna ta zagaya shi tana dubawa ta ce, "To, ina gemun? Shi suka ɗauka ladan ɗakin?"

Bayan shekara biyu Likita Nura ya zo da takarda. An buɗe sirrin. Baban Ummi yana cikin waɗanda aka ba iska irin ta kowa. Nura ya ce masu binciken kansu ba su gama yanke hukunci a kan maganin ba, don wasu da ba su samu ta gasken ba su ma sun ji sauƙi, kuma ba a san ko lokaci ne, ko hutu, ko kulawar da aka yi musu ba. Inna ta ce, "Ban hwaɗa maku ba? Iskar tsakar gidana." Ta yi mako tana ba maƙwabta labari. Ni kuwa har yau wani lokaci nakan ɗauko takardar in duba lambar da ke sama, in ce anya ba su haɗa ta da ta wani ba. Halin bai bar ni duka ba.

Baban Ummi yanzu yana aikinsa cikakke. Yana zuwa Kunduru da Kaikai a babur, da hular kwano, yara suna yi masa dariya. Makulli har yau a wuyansa yake rataye shi. Gemun ya dawo, da furfura a ciki. Kullum da safe ina shafa masa humra, in ce na shafa, ya ce madalla, Gimbiya. Bai ji ta ba har yanzu.

Amma bara, wata ranar Asabar da hantsi, na ɗora wake na shige ɗaki da wani littafi da Binta ta ara mini. Na kai wurin da jarumin ya dawo daga tafiya, na manta da duniya. Sai na ji muryarsa daga zaure, yana gyaran babur.

"Hajara, wani abu na ƙuna."

Na fito a guje na nufi madafi. Na kai hannu zan sauke tukunyar, sannan maganar ta iso ni. Daga zaure ba a ganin madafi, kuma hayaƙin bai tashi ba tukuna. Na juya. Yana tsaye a tsakar gida da sifana a hannu, hancinsa a sama, idonsa a lumshe.

Ban sauke tukunyar ba. Muka tsaya mu biyu muna shaƙa, har waken ya zama gawayi.